Yadda mai ɗaukar fim zai ƙera dolin kyamara da hannunsa a Kaduna

Duk mai ɗaukar fim ko bidiyon biki ya san inda kuɗinsa ke ƙarewa: kyamara, idon kyamara, batir, fitilu. Kafin a zo kan abin da zai motsa kyamarar aljihu ya riga ya bushe, shi ya sa yawancin hotunanmu ko dai a kafe suke a kan tirafod, wato abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ko kuma suna rawa a kafaɗar mai ɗauka. Alhali doli, wato dandamalin nan mai taya da ake turawa a kan layi kyamara na bisa, ba komai ba ne face katako, ƙarfe, taya da bututu. In ka cire tayoyin, babu ɗaya daga cikinsu da ba za ka samu a kasuwar maƙera ta Panteka ba.

Ba sabon abu ba ne mai kyamara ya koma maƙeri. Garrett Brown, wanda ya ƙirƙiro Steadicam, na'urar da ke hana kyamara rawa in mai ɗauka na tafiya da ita, a Amurka a shekarun 1970, mai ɗaukar hoto ne da ya gaji da yadda hoto ke girgiza in ana tafiya da kyamara, ya zauna ya haɗa wa kansa magani, har aka ba shi kyautar Oscar a kai a 1978. Mu a nan hannayen aiki ba su yi mana ƙaranci ba. Masu walda, kafintoci da masu injin feƙe ƙarfe na tsohuwar Panteka, nan Tudun Wada kusa da Kaduna Polytechnic, suna iya fitar da kusan duk abin da ka zana musu. Abin da ba za su iya ba ka ba shi ne sanin abin da kyamara ke gani. Mai ƙera ƙofar gida in ya kauce da milimita 3 babu wanda zai lura. A doli, milimita 3 ɗin nan sai ta fito a allon talabijin. Don haka rabonka a aikin shi ne awo, zane da gwaji, kuma kada ka bar wa kowa su.

Kayan da za ka nema

Fara da tayoyi, domin girmansu ne zai yanke sauran awon. Tayoyin siketbod ake so, wato falankin nan mai taya huɗu da yara ke hawa suna gudu, masu roba mai ɗan taushi, faɗinsu wajen milimita 52 zuwa 60. Siketbod biyu za su ba ka taya 8, kuma su ne mafi ƙarancin abin da zai yi. In kana son mai kyamara ya hau dolin shi ma, nemi 16. Leƙa wurin masu gwanjon kayan wasan yara, ko a Kasuwar Barci ko kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Danna kowace taya da farce: in ta ɗan nutse ta dawo, ta yi. Wadda ta yi tauri kamar robar bokiti ka bar ta, ƙara za ta riƙa yi a kan layi. Kuma lallai duka su zama girma ɗaya.

A cikin kowace taya akwai boris biyu masu lamba 608. Ramin tsakiyarsu milimita 8 ne, faɗinsu 22, kaurinsu 7, kuma masu sayar da boris sun san lambar. In na gwanjon sun tsufa ka sayi sababbi, ka nemi wanda aka rubuta wa 2RS, mai murfin roba, maimakon ZZ mai murfin ƙarfe. Ƙurar hunturun Kaduna tana ratsa na ƙarfen cikin sauƙi.

Sai angil ayon, wato dogon ƙarfen nan mai fuska biyu da suka haɗu a ƙurya kamar harafin L, mai faɗin santimita 5 kowane gefe, kauri milimita 4 ko 5, guda biyu, tsawon kowanne santimita 90. Sai fulawud mai kaurin milimita 18, a yanka maka santimita 75 da 100, da katakon tu-bai-tiri busasshe guda biyu masu tsawon mita ɗaya, kafinta ya goge maka su a inji. Na tayoyi, bol mai kaurin milimita 8 da tsawon santimita 6, kowanne da noti na gama-gari ɗaya, washa ƙanana biyu, da notin nan mai zoben roba a ciki wanda ba ya warwarewa da kansa. Na ɗaure ƙarfen a katako kuma bol shida masu tsawon santimita 13 da washa masu faɗi.

Layin kuwa bututun roba ne na ruwa, inci ɗaya da rabi, mai kauri irin na famfo ko rijiyar burtsatse. Na ruwan wanka mara kauri ne, yana lotsawa da an ɗora masa nauyi. Kafin ka biya, kwantar da shi a kan siminti mai santsi ka mirgina shi. In yana tsalle-tsalle to a lanƙwashe yake, a canja maka wani, ko da mai shago zai ɓata rai.

Gwaji a guntun ƙarfe kafin a huda na gaske

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Yadda abin yake: angil ayon zai zauna a ƙarƙashin dandamali bakinsa na kallon sama, ƙuryarsa na kallon ƙasa. Ana ɗaura taya ɗaya a bayan kowace fuska tasa, sai tayoyin biyu su karkato su rungumi bututun daga hagu da dama. Wannan rungumar ce ke hana dolin sauka daga layi, ita ce kuma ke jan bututun ya daidaita da kansa ko da ba a kafe shi a ƙasa ba.

Roƙi guntun angil ayon mai tsawon taƙi ɗaya daga tarkacen mai walda. Auna santimita 2.5 daga ƙuryar a kowace fuska, wato daidai tsakiya, a buga alama da ƙusa mai tsini, a huda milimita 8. Zura bol daga ciki ya fito waje, ka ɗaure shi tamau da noti na gama-gari, ka sa washa, taya, wata washar, sannan noti mai roba. Yanzu kifa shi a kan guntun bututunka ka duba abu biyu. Na farko, tsakanin ƙuryar ƙarfen da bayan bututun a samu sarari kamar santimita ɗaya, domin kan wani bol zai zauna a wurin nan gaba. In bututun na kusan taɓa ƙuryar, ramin ya yi nisa da ita, a matso da shi kusa. Na biyu, bututun ya taɓa tayar a wajen tsakiyar robarta. In a bakin gefen waje yake taɓawa, ƙara washa ɗaya ko biyu a bayan tayar ta ɗan fito.

Sai abin ya zauna daram ka rubuta awon a takarda. Guntun nan kuma kada ka yar da shi, shi ne samfurinka na duk dolin da za ka ƙera nan gaba.

A wurin mai walda

Ka je da zane a takarda, da tef ɗinka, da abin zana layi a ƙarfe. Kai za ka yi alamar ramukan da hannunka. A kowane ƙarshen ƙarfen, taya biyu: ɗaya a santimita 8 daga baki, ta ɗaya fuskar kuma a santimita 11. Wannan ɗan saɓanin da gangan ne, don kada tayoyin biyu su faɗa mahaɗar bututu lokaci guda. Mai taya 16 sai ya ƙara wasu biyun a bayansu da tazarar santimita 8.

Nemi a yi hudar da injin huda na tsaye, wanda ke kafe a benci. Na hannu yana karkata, taya kuma in ta karkace sai ta riƙa goga bututu tana kuka. Ramuka uku na ɗaurewa, ɗaya a tsakiya biyu a gefe, ana yin su ne ta cikin ƙuryar, domin kwarin da kansa zai riƙe bakin injin a tsakiya. Bayan an huda a goge ƙuryar ta waje da zarto kaɗan, kan bol ya samu wurin zama.

Kusan tabbas maigidan zai ce a liƙe komai da walda a huta, ya fi ƙarfi. Gaskiyarsa ce a aikin ƙofa da taga. Amma zafin walda yana jan ƙarfe ya lanƙwashe, kuma abin da aka liƙe ba ya gyaruwa a lokeshin. Faɗa masa cikin ladabi: “Baba, a yi haƙuri, wannan kam ban da wuta, huda kawai nake so, zan biya kuɗin aikin yadda aka saba.” In ka nuna masa a wayarka yadda hoto ke tafiya a kan doli, za ka ga ya ɗauki abin da muhimmanci, wani lokaci ma ya kawo shawarar da ta fi taka.

In ka samu angil na alminiyon mai kauri wurin masu tagogi, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, zai yi daɗin ɗauka. Ni dai na fi son na ƙarfen. Doli mai nauyi ya fi tafiya lami lafiya, mara nauyi kuwa duk rawar hannun mai turawa sai ta shiga hoto.

Haɗawa

Ɗaura bol ɗin tayoyi a jikin ƙarafan tukuna, domin da zarar katako ya rufe bakin ba za ka iya kaiwa ga kawunansu ba. Sannan kifa fulawud ɗin, ka ja layi biyu a tsawonsa da tazarar santimita 62 tsakaninsu, ragowar ta rabu daidai a gefe biyu. Ba da ka aka zaɓi 62 ba: layukan doli na masana'antar fim inci 24 da rabi ne daga tsakiya zuwa tsakiya, don haka in wata rana an yi hayar layin ƙarfe na gaske, dolinka zai iya hawansa. Ɗora tu-bai-tiri a kan kowane layi, angil ayon a kansa, ka huda katakon ta ramukan ƙuryar. A gefe ɗaya ka yi ramin katakon milimita 10 maimakon 8, don ka samu wurin ɗan matsawa.

Kafin ka ɗaure, auna tazarar ƙuryoyin biyu a gaba da baya, dole su zama 62 da 62. Sannan auna a gicciye, daga gaban hagu zuwa bayan dama, da daga gaban dama zuwa bayan hagu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ƙarfe ɗaya ya riga ɗan'uwansa, a gyara. Sai ka ɗaure.

Wajen sa tayoyi, washar da ke jikin boris ta zama ƙarama, ta taɓa zoben ciki kawai. In ta yi faɗi har ta danne murfin, tayar ba za ta juya ba. Ɗaure notin har tayar ta daina girgiza gefe da gefe, amma tana juyawa in ka kaɗa ta da yatsa. Boris na gwanjo a wanke shi da kananzir, ya bushe, a sa masa giris kaɗan. Wasu na sa man keken ɗinki don tayar ta yi gudu, amma mu ba gudu muke nema ba. Giris ya fi kashe ƙara, kuma ɗan riƙon da yake yi yana taimaka wa mai turawa a tafiyar hankali.

A saman dandamalin, kafa tirafod ɗinka yadda kake buɗe shi kullum, ka zagaye ƙafafunsa da fensir, ka ɗaure ƙananan katakai masu rami a wuraren uku. A tsakiya sa bol mai zobe, ka ja igiya daga wuyan tirafod zuwa zoben ta ɗaure shi ƙasa. Wannan igiyar ba ta da tsada, ita ce kuma ke tsakanin kyamararka da siminti. Abin turawa bututun ƙarfe ne mai kai kamar na keke, tsayinsa zuwa ƙugu, a ɗaure shi a baya da bol. Fenti baƙi mara sheƙi, don kada ya riƙa mayar da hasken fitila fuskar 'yan wasa.

Maganar zaren sukurun kyamara

In kana son ɗauka daga ƙasa-ƙasa, za ka so ɗaura kan tirafod kai tsaye a dandamalin, kuma a nan ne ake lalata kaya masu tsada. Ramin da ke ƙarƙashin kyamara ba awon milimita ba ne. Rubu'in inci ne mai zare 20 a kowane inci, na ƙarƙashin kan tirafod kuma 3/8 na inci mai zare 16. Bol na milimita 6 da ke ko'ina a kasuwa yana kama da na rubu'in inci ƙwarai, zai ma shiga zagaye ɗaya ko biyu, daga nan ya cije. Wanda ya ƙara masa ƙarfi ya cinye zaren kyamararsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ciro sukurun daga mataccen tirafod, masu hoto da yawa suna da su a jibge. In kuma za a yanka zaren a farantin ƙarfe ne, ramin farko milimita 5 ne ga rubu'in inci, milimita 8 ga 3/8. Je da sukurun na asali a gwada a gabanka, kuma kada abin da zai shiga cikin kyamara ya wuce milimita 5, domin ramin ba shi da zurfi.

Shimfiɗa layi

Yanka bututun mita biyu-biyu ko uku-uku, gwargwadon abin da motarka ko Keke Napep zai ɗauka. Kada ka haɗa su da soket ɗin masu famfo, yana zama a waje taya ta yi karo da shi. Sa kafinta ya feƙe maka katako mai tsawon santimita 30 wanda zai shiga cikin bututun da ƙyar, rabi nan rabi can, ka goge bakunan da samfefa su haɗu babu tudu. Mahaɗar hagu da ta dama kada su zo wuri ɗaya.

A falo mai tayil, irin na gidajen Malali ko Unguwar Rimi, shimfiɗawa kawai za ka yi ka share. A lungun Rigasa ko tsakar gida mai ƙasa aikin ya fi haka: jera falankai a gicciye duk bayan rabin mita, ka ɗora bututun a kansu, ka bi da filam ɗin magina kana cusa 'yan katakai masu tsini a ƙarƙashi har ko'ina ya daidaita. Taka kowane falanki da ƙafa, wanda ya motsa bai zaunu ba. Wannan yakan ci lokaci fiye da ɗaukar kanta, don haka a gaya wa darakta tun da wuri, a tura yara biyu su fara tun ana kwalliya.

Bututun roba ba ya son rana. A zafin Maris da Afrilu, in ka bar shi jingine da bango ko a kan rufin mota, lanƙwashewa zai yi kuma ba ya komawa. A ajiye shi kwance a inuwa.

Gwaji ta idon kyamara

Da ido kowane doli lafiya yake. Sa ido mafi jawo nesa da kake da shi, domin shi ne ke tona asirin girgiza, ka kashe abin rage girgiza na cikin kyamarar, ka saita bakin ƙofa ko sandar wuta a gefen hoto. Tura a hankali daga farko zuwa ƙarshe, ka kalla a babban allo. Yadda girgizar ke zuwa shi zai gaya maka inda ciwon yake. In tana dawowa a kai a kai da tazara ɗaya, taya ce: ko tsakuwa ta maƙale mata, ko ta lotsa. In sau ɗaya take zuwa a wuri guda, mahaɗa ce ko ƙasa. In hoton na lilo hagu da dama, ƙarafan ba su yi daidai da juna ba, ko tirafod bai ɗauru ba. Bi kowace kusurwa ka juya tayoyinta kuma, wadda ke juyawa sakaka alhali dolin na kan layi ba ta taɓa bututu, a duba raminta.

Yi gwajin da makirufo a kunne a ɗaki shiru. Ƙarar da ba ka ji a Panteka za ka ji ta a wurin da ake ɗaukar maganar mutum biyu. Ƙugin katako yawanci noti ne bai ɗauru ba, ƙarar roba kuma ƙura ce a kan layi, tsumma mai ɗan laima ya ishe ta. Tayoyi masu taushi suna lotsawa in doli ya daɗe tsaye da nauyi, saboda haka a riƙa gangara shi gaba da baya kafin kowace ɗauka, in an tashi kuma a kifa shi tayoyi sama. Buhun yashi ɗaya ko biyu a kan dandamali na gyara tafiya sosai.

Mai turawa ma sai ya koya. Ya manna tef a ƙasa inda zai fara da inda zai tsaya, ya tura da jikinsa gaba ɗaya gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ya tashi a hankali ya sauka a hankali.

Daga naka zuwa na wasu

Da an ga dolin a lokeshin za a fara tambaya. Shawarata kada ka yi saurin sayarwa. Ba da shi haya tukuna, kai ko yaronka na biye da shi, ka ga abin da ke kwancewa in ya shiga hannun da ba naka ba. Abin da ya lalace shi za ka canja a na biyu. In ka zo sa farashi, lissafa kaya, kuɗin huda da na kafinta, zirga-zirga, da kwanakin da ka yi kana gwaji, waɗanda su aka fi mantawa.

Abin da ya dace ya biyo baya shi ne abin ɗora kyamara a kafaɗa. Shi ma yana da awonsa na duniya: sanduna biyu masu kaurin milimita 15, tazarar milimita 60 daga tsakiya zuwa tsakiya, kuma milimita 85 ƙasa da tsakiyar idon kyamara. In ka kiyaye waɗannan, kayan kamfani irin su abin juya fokas za su hau naka ba gardama, wannan ne kuma zai sa ƙwararre ya saya. A nan za ka buƙaci mai injin feƙe ƙarfe da ma'aunin kauri mai nuna milimita, tef ba zai wadatar ba. Kan tirafod mai mai a ciki da gimbal, wato mariƙin kyamara mai lantarki da ke hana ta rawa, kuwa a bar wa kamfani, abin da za ka kashe kafin ka kusanci nasu ya fi kuɗin saye.

Kiren, dogon hannun nan mai ɗaga kyamara sama, shi kowa ke sha'awa, kuma ana iya ƙera shi a Panteka. Sai dai yana ratsawa ta saman kawunan mutane, a biki ma har da yara. Duk wanda ka ƙera, ɗaura masa buhun yashi mai ninki biyu na nauyin kyamarar da zai ɗauka, ka yi ta ɗagawa da saukewa a fili babu kowa a ƙasa, sannan ka duba kowace walda da kowane bol ko akwai tsaga. Rubuta iyakar nauyin da fenti a jikin hannun, a kilo, inda mai haya ba zai ce bai gani ba.